Kanon da Na Cire wa Gyaɗa

Sai da na haura shekara arba'in sannan na iya rubuta sunana, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin kunyar shi ne abin da na yi da rubutun bayan hannuna ya faɗa. Labari na rubuta, cikin littafin makaranta mai jan bango, kuma na rubuta shi ne don in ɓuya a ciki.

A lokacin ina tsintar riɗi a wani kamfani a Sharada. Mu kusan talatin ne, duk mata, a zube cikin wani dogon sito mai rufin kwano, kowacce da faifanta a cinya, muna fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi kafin maza su ɗura a buhu. Idan aka ba mu hutun azahar, mu yi salla, kowa ta buɗe kwanon abincinta, ni kuma in buɗe littafina in karanta musu shafi biyu ko uku. Tun suna kirana Malama don tsokana, har ya zama in na daɗe wajen alwala sai an aiko a kira ni.

Labarin wata Kano ce wadda ba a taɓa yi ba. Malamarmu ta makarantar manya ta taɓa gaya mana cewa gyaɗa ba 'yar ƙasar nan ba ce, daga hayin teku aka kawo ta tun zamanin kakannin kakanni. Sai na ce, to da a ce jirgin ruwan da ya ɗauko ta ya nutse fa? Daga nan na gina garin. A Kanon tawa ba a taɓa jera buhuna an yi dala ba, ba a kafa injin matsar mai ko ɗaya a Bompai ba. Manoma sun tsaya a kan auduga da baban rini, don haka masaƙu ba su mutu ba, har gobe Bompai ruri take da injinan saƙa, baƙi ne ke zuwa daga ƙasashen waje suna bin layi a sayar musu da yadi. Manyan garin marina ne, da shuɗin hannu ake gane mai arziki.

"Tsaya, Malama," in ji wata 'yar Jigawa mai bakin tsiya, tun ranar farko. "Gurasa fa, da me suke cin ta?"

"Da miya."

"Da azumi kuma wane kunu?"

"Na tsamiya."

"Kai, tir! Gari ba ƙuli-ƙuli, ai wannan ba Kano ba ce, gadon asibiti ne."

Aka kwashe da dariya. Na bar su suka gama, sannan na kai su inda nake so. Wani attajiri mai masaƙa ya gayyaci abokan kasuwancinsa gidan gonarsa a bakin kogi, ana marka, ruwa ya yanke hanya, aka ci abincin rana, ɗaya daga cikin baƙin ya faɗi ya mutu. Ba shiga, ba fita. Wanda ya kashe shi yana cikin gidan. Daga ranar dariya ta ragu, aka koma musu a kan wane ne.

Mace ɗaya ce ba ta yi dariyar ba, ba ta kuma shiga musun ba, ita ce mai zama a hannun damana. Na girme ta, Yaya take kirana, unguwarmu ɗaya a Ɗorayi, kuma ni na nemo mata aikin. Mijinta direba ne a da. Shekara goma sha biyu ke nan ana kiransa mai guba a bayan idonsa, saboda wata mutuwa da aka yi a wani gidan gona na gaske. Bai kashe kowa ba. Na fi kowa sanin haka a duniya, domin hannuna ne ya yi, ita kuwa ba ta sani ba.

Ga yadda aka yi.

Kafin riɗi, ni kuku ce a gidan wani Alhaji a Bompai. Yana da kamfanin fata a Challawa, su uku suka haɗa: shi, da ƙaninsa, da wani abokinsu da kowa ke kira Injiniya, wanda ya san kan injinan. Kasuwa ta lalace, Alhaji da ƙaninsa suna so a sayar da kamfanin, Injiniya ya ce ba zai sa hannu ba. Har mu 'yan kicin mun san da rigimar. Wata Asabar cikin damina Alhaji ya ce a tafi gidan gonarsa da ke bayan Challawa, kusa da kogi, a yi magana inda babu kunnuwa. Direba, mijin matar nan, ya kwaso ni da tukwanena tun da safe.

Injiniya ba ya cin gyaɗa, wannan na sani shekara da shekaru. Ana cewa ba ta karɓe shi ba, tana sa masa ƙaiƙayi da kumburi, ni kuma iyakar abin da na ɗauka ke nan, irin yadda wani in ya ci wake cikinsa ke ɓaci. Amma ni mace ce mai tsare aikinta. Yana da 'yar tukunyarsa daban, da ludayinsa daban, manja nake sa masa, ko kwalbar man gyaɗa ba na ajiyewa kusa. Yajin da nake barbaɗa wa nama ma ni nake daka abina, barkono da citta da masoro. Ranar sai da muka wuce Sharada na tuna na baro gwangwanin yajin a kan kanta. Na ce wa direba ya tsaya wurin wani mai nama a bakin titi, na sayi ƙulli ɗaya na yajinsa, na jefa a kwando. Kowace 'yar Kano ta san da ƙuli-ƙuli ake haɗa yajin mai tsire, ni ma na sani. Amma a kaina gyaɗa ita ce ta miya da ta kunu da ta mai. Yaji kuwa yaji ne.

Kicin ɗin gidan gonar a baya yake, sai an ratsa tsakar gida. Lokacin da na gama, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, lema kuma ɗaya ce a gidan. Direba ya ce, "Uwar tukwane, kawo in taya ki, kada ki jiƙe ki yi mana atishawa a miya." Shi ya yi ta zirga-zirga da kwanuka. Farantin Injiniya, shinkafa da gasasshiyar zabuwa, shi ya ɗauka na ƙarshe, a rufe, shi kaɗai.

Ban gama kankare tukunya ba na ji salati. Na tarar da Injiniya a ƙasa, farantin ya kife, leɓɓansa sun kumbura, yana riƙe da maƙogwaro, numfashinsa na fita kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Aka cicciɓe shi aka sa a mota. Tsakanin gonar da kwalta akwai wata ƙorama da ake hayewa ta kan kwalbati, ranar ta cika ta shanye kwalbatin, tana tafe da rassan itace. Alhaji yana ihu a shiga, direba ya ce rai huɗu ne a motar, ba zai shiga ba. A nan bakin ruwan Injiniya ya cika. Suka juyo da shi.

Muka zauna a gidan nan da gawa a falo, an lulluɓe ta da babbar rigar Alhaji, muna jiran ruwa ya janye. Ba mai duban idon wani. Can ƙanin Alhaji ya sa aka kira ni.

"Ke, kin sa masa gyaɗa?"

"Wallahi tallahi ko ƙwaya ɗaya."

"Man fa?"

"Manja ne, ga kwalbar can."

"To me kika sa? Lafiyayyen mutum ba ya cin loma biyar ya faɗi."

Na gane inda ya dosa. Mu masu dafa wa manya amsa ɗaya muke da ita ga wannan zargin, kuma kowa ya san ta. Na koma kicin cikin ruwan, na ɗauko 'yar tukunyar Injiniya da sauran zabuwar, na dire a tsakiyar falo, na zauna dirshan kusa da ƙafar mamacin. Na cinye shinkafar tas, na gwigwiye naman da yajinsa, na suɗe hannu. Na ce, "In guba ce, ku haƙa kabari biyu." Suka zuba mini ido har la'asar. Ko gyatsa ban yi ba.

To in tukunya lafiya take, faranti kuma ya kashe, me ke tsakanin tukunya da faranti? Ina kallo idanu suka bar kaina ɗaya bayan ɗaya, suka koma bakin ƙofa, inda direba ke tsaye rigarsa na ɗigar ruwa. Shi ya ɗauki farantin. Shi ya ƙi haye ruwa.

Washegari aka binne Injiniya. 'Yan sanda suka riƙe direba makonni, ba su sami komai ba, suka sake shi. Aka sayar da kamfanin. Gari ya ce masu son sayarwa ne suka sayi direban, amma ba a nuna attajiri da yatsa, sai sunan ya zauna a kan talakan. Babu wanda ya sake ba shi mota. Matarsa, da ke sayar da ɗanwake a ƙofar wani kamfani a Challawa, ta wayi gari layinta ya watse. In aka fito da tiren abinci a wurin ɗaurin aure, duk wanda ya sa wa hannu sai a bar masa shi kaɗai. A ƙarshe keke napep ya koma ja, can nesa inda ba a san fuskarsa ba. Ni kuwa shekara tara ina ba da labarin yadda na cinye tukunya a gaban maza, ina bugun ƙirji. Duk wanda ya tambaye ni kuma sai in ce direba ba zai aikata ba, ina jin kaina mutuniyar kirki.

A aji na gane. An kawo mana wata nas ta yi mana darasin kiwon lafiya. Ta ce akwai mutanen da jikinsu ke faɗa da wani abinci, ƙwai ko kifi ko gyaɗa, kuma abin ya wuce ƙaiƙayi, ɗan mitsitsi yana iya toshe maƙoshi nan take. Ta ce, "Ko ƙuli-ƙulin da ke cikin yaji ya isa." Ina cikin kwafar maganar a littafi sai na ga hannuna ya tsaya. Yajin mai naman nan na tuna.

Shekara uku na riƙe wannan. Ba zan yi wa kaina ado ba, tsoro ne. Tsoron ɗan sanda, tsoron abin da za a riƙa kiran 'ya'yana, tsoron fuskar matar nan. Sai na nemo mata aiki, ina kai musu tuwon salla, ina ganin kamar ina rage wani abu. Da abin ya hana ni sakat, sai na yi garin da babu gyaɗa a cikinsa. A can, in mutum ya faɗi bayan cin abinci, lallai wani mugu ne ya kashe shi da gangan, kuku ba ruwanta.

Kwana uku da fara karatun, muna cikin keke za mu koma Ɗorayi, matar direban ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Yaya, gidan gonar nan ne ko?"

"Labari ne kawai."

"Kin canza gari, kin mai da fata yadi, kin shafa wa kowa shuni a hannu. Amma kin bar kicin a baya da lema guda ɗaya."

Na juya ina kallon titi.

"Kin san wanda ya yi," ta ce. "Na daɗe ina ji a jikina kin san wani abu. Ƙanin nan ne ko?"

"Ki bari mu je ƙarshe."

Ta kama hannuna ta matse. "Allah ya saka miki, Yaya. Ko a takarda ne, a wanke shi."

Daga ranar hutun azahar ya zame mini zaman kotu. Wasu matan sun ce mai gidan ne, wasu ƙaninsa, amma mafi yawa sun tsaya a kan direba. Wata tsohuwa 'yar Damagaram, wadda ba ta san komai game da mijin ta damana ba, ta ce da ƙarfi, "Ku daina wahalar da kanku, direban ne. Babba ba ya riƙe wuƙa da hannunsa, yunwar talaka yake haya." 'Yar Jigawa, da ta san zancen, ta mintsine ta a cinya. Tsohuwar ta ce, "Me na yi kuma? Mutumin takarda ne fa, ba mijin kowa ba." Ta damana ta rufe kwanonta ta koma kan faifai tun ba a kaɗa ƙararrawa ba. Ina kallon hannunta yana tsintar riɗi mai kyau yana zubawa cikin tsakuwa.

Ba wadda ta ce kuku, ko ɗaya. Ai a babi na huɗu sun ji ta cinye tukunya, har tafi suka yi mata.

Na rubuta babin ƙarshe, na ɗora wa ƙanin mai gida. Na ba shi 'yar kwalbar dafi a aljihu, na sa shi ya tare direba a baranda da sunan zai gyara murfin faranti. Ban taɓa rubuta abin da ya zauna daram kamarsa ba. Na karanta wa kaina sau biyu har na fara jin kamar haka aka yi. Amma ƙanin Alhaji na gaske yana nan da ransa, ya tsufa, yana da jikoki. Ban taɓa son mutumin ba, mai raina mutane ne, to amma raini ba kisa ba ne. Na kuma san bakin matan sito: in na karanta da azahar, kafin magariba Ɗorayi da Sharada sun ji cewa kukun gidan ta tona asiri. Sharrin farko na jefa wa mutum ban sani ba. Wannan da idona biyu zan jefa.

Na yi ta ja. Yau in ce na manta littafin, gobe in ce muryata ta dushe. Sai wata Alhamis matar direban ta tare ni a bakin famfo muna alwala.

"Yaya, kullum in na koma ina ba shi labarin inda aka tsaya. Ya ce ƙarshen da kunnensa yake so ya ji. Lahadi bayan la'asar, a gidanmu."

"Wa da wa?"

"Shi, da limamin masallacinmu, da maƙwabta. Na gaya musu ke kika yi girkin ranar." Ta yi murmushi, abin da na daɗe ban gani a fuskarta ba. "Har sabuwar tabarma na saya."

Ranar Lahadin na sa hijabina, na ɗauki littafin. Sau biyu ina kaiwa bakin lungunsu ina wucewa kamar mai neman wani gida. Da na shiga, maza shida ne a soro, liman a tsakiya, direba a gefe ya haɗa gwiwoyi, ya rame, furfura ta cinye gemunsa. Mata suna daga ciki, sun cika ƙofar tsakar gida. Aka ajiye mini kujera 'yar tsugunno a tsakani, inda kowane ɓangare zai ji.

Muka gaisa. Liman ya ce, "Malama, an ce kuna da karatun da za ku yi mana. Mu dai ba mu saba jin tatsuniya da rana ba, amma an ce akwai magana a ciki."

"Akwai, Malam."

Na buɗe babin ƙarshe. Ga ƙanin mai gida nan a layin farko yana shafa aljihu. Shafi huɗu ne kacal. In karanta, mata su yi guɗa, a shafa fatiha, in koma gida da mutuncina. Na ɗaga kai sai na ga direba ya ƙura wa littafin ido, kamar yadda mara lafiya ke kallon hannun likita.

Na rufe shi na danne a ƙarƙashin cinyata.

"Malam, ku gafarce ni, abin da ke cikin takardar nan ƙarya ce. Ga gaskiyar. Babu wanda ya sa wa Injiniya guba. Yaji na saya a hanya, akwai ƙuli-ƙuli a ciki, na barbaɗa masa a nama, shi ya toshe masa numfashi. Ni na dafa, ni na barbaɗa. Wannan bawan Allah faranti kawai ya ɗauka don kada ruwa ya dake ni."

Can wani maƙwabci ya ce, "Yaji? Yajin tsire? Haba baiwar Allah, wa yaji ya taɓa kashewa?" Na mayar masa da abin da nas ta gaya mana, na ce mai shakka ya je kowane asibiti ya tambaya. Ya ce, "To ai an ce kin cinye sauran." Na ce, "Na cinye, don ni gyaɗa ba ta yi mini komai. Cin nan nawa shi ya binne mutumin nan da ransa."

Da direba ya yi magana, muryarsa a ƙasa take.

"Ni na tsaya miki a wurin mai naman."

"Kai ne."

"Har na ce ki yi sauri, hadari ya haɗo." Ya shafa fuska. "Yaushe kika gane?"

Tambayar da na fi tsoro ke nan. Da na ce jiya, babu mai ƙaryata ni.

"Shekara uku ke nan."

Daga bayana na ji wani sauti kamar an taka mutum a ciki. Matarsa ce. "Shekara uku," ta ce. "Kina zaune a gefena. Kina sa hannu a kwanona don mutane su gani, ina cewa Yaya ta fi mini 'yan uwana. Uwarsa ta rasu bara waccan tana tambaya ko an gano gaskiya, kin zo gaisuwa, kin zauna a ɗakin nan kina jan carbi!"

"Na zo."

"Ki ce wani abu mana!"

"Tsoro na ji, na zaɓi kaina."

Liman ya tsawatar, aka yi shiru. Ya ce kuskuren yaji kuskure ne, shari'a ta san da irinsa kuma tana da hukuncinsa. Amma ɓoye shaida shekara uku ba kuskure ba ne, wannan tsakanina ne da Allah da mutumin da na bari a rana. Ya ce zai yi wa jama'a bayani bayan sallar magariba.

"A'a, Malam," in ji direba. "In daga bakinku ne kawai, gobe za a ce mun haɗa baki da tsohuwar abokiyar aiki. 'Ya'yan Injiniya suna nan, suna kwana suna tashi da cewa ni na kashe musu uba." Ya juyo ya dube ni, karo na farko. "Za ki iya maimaitawa a gabansu?"

"Zan iya."

"Ko za su kira 'yan sanda?"

"Ko za su kira."

"Ƙarfe bakwai zan zo ƙofar gidanki."

Ya zo. Na shiga bayan kekensa, muka ratsa gari daga Ɗorayi har Bompai. A ƙofar gidan Injiniya ya kashe inji, ya ce shi ba zai shiga ba, daga nan aka kore shi ranar da ya zo ta'aziyya. Na shiga ni kaɗai.

Babban ɗan Injiniya ne ya saurare ni, a tsaye, da makullin mota a hannu, uwarsa na zaune a kujera. Na faɗa kamar yadda na faɗa a soro, ban rage komai ba, har shekara ukun. Sau uku yana tambayata wane irin yaji. Sannan ya nemi wuri ya zauna, ya ce ƙaramar 'yarsa ma haka take, ko tsire ba a shigowa da shi gidan. Uwar ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Shekara goma sha biyu ina yi wa bawan Allah Allah ya isa a kan sallaya." Ɗan ya tambayi inda direban yake, na ce yana waje. Ya fita. Aka bar ni tsaye a falon, ba wanda ya ce in zauna, ba wanda ya ce in tafi.

Ba su kira 'yan sanda ba. Liman ya gaya mini azumin da ke kaina, na kuma yi shi daga baya, wata biyu a jere, ina tsintar riɗi da busasshen baki. Littafin ban ƙara buɗe shi a sito ba. 'Yar Jigawa ce ta ba matan ƙarshen, na gasken, kuma an daɗe ba mai yi mini magana sai ta aiki.

Amma tun a makon farko, ranar Juma'a da magariba, ɗan Injiniya ya zo masallacin unguwarmu da kansa, ya miƙe bayan an sallame ya yi wa jama'a magana. Ban ji abin da ya ce ba. Da safiyar Asabar ina zaune a wurina a sito sai ga matar direban ta shigo. Ta tsaya a kaina, ba ta gaishe ni ba, ba ta ce Yaya ba.

"An zo, an faɗa," ta ce. "Maigidana ya kwanta tun bayan isha'i, ko kiran asuba bai ji ba. Na fito na bar shi yana barci. Ban tashe shi ba."

Ta sunkuya ta ɗauki faifanta daga damana, ta tafi can ƙarshen sito kusa da ƙofa, inda iska ke kwaso ƙaiƙayi, ta shimfiɗa buhunta. A nan take zama har yau.